Aikin da ba shi da lamba, maigida ke biyansa

Makon jiya ƙanwata ta zarce watanninta, likita a wani asibiti nan Zariya ya ce sai an buɗe mata bakin mahaifa kafin a sa mata ruwan naƙuda. Mijinta yana da katin inshora, duk wata ana yankar albashinsa. Da ya je wurin biya, akawu ya leƙa kwamfuta ya ce wannan aikin ba shi da lamba a wurinsu. Sha ɗaya na dare bawan Allah yana neman kemis daga Tudun Wada har Sabon Gari, don ya sayo abin da za a yi aikin da shi.

Kuma mene ne abin? Robar fitsari ce, wadda likitoci ke kira Foley. A zura ta a bakin mahaifa, a cika 'yar balan-balan ɗin da ke kanta da ruwa, ta yi ta dannawa a hankali, in wurin ya buɗe ta faɗo da kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, kuma ba ta cika tsananta ciwon mara yadda ƙwayar tayar da naƙuda ta misoprostol kan yi wani lokaci ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa, ai haihuwa haihuwa ce, a yanka kuɗi ɗaya a wuce wurin, zancen lamba wahalar takarda ce. Su wa ke faɗin haka? Waɗanda matansu ba sa kwana a benci. Aikin da ba a rubuta sunansa ba, kamfanin inshora ba zai biya ba. Asibiti kuwa ba zai yi asara ba, sai ya juyo kan maigida. Maigidan da aka tatsa yau, baɗi cewa zai yi ta haihu a gida, a kira ungozoma. Ga kuma ɓarnar da ba a gani: tunda rasit “kayan aiki” kawai ya ce, wa zai iya ƙirga mata nawa aka sa wa robar bara, nawa ta yi wa amfani, nawa suka ƙare a tiyata?

A Amurka saka abin buɗe bakin mahaifa yana da lambarsa, 59200, cikin kundin da ƙungiyar likitocinsu ke fitarwa tun 1966. Su ma suna jayayya, domin in an saka a ranar haihuwa kamfanoni da yawa kan ce ya shiga kuɗin haihuwar. Amma jayayya ce a kan abu rubutacce. Masu cewa mu kwafo kundin nasu ɗungurungum kuwa, su fara gaya mana wa zai biya lasisinsa.

Tun 2022 doka ta wajabta inshorar lafiya a Najeriya. To hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da takwararta ta Jihar Kaduna su tabbatar kowane asibitin da ke karɓar katinsu yana da wannan aikin a kwamfutarsa, da lamba da farashi, a kuma manna a bangon ɗakin haihuwa da Hausa. Rasit ɗin surukina yana nan a wurina, ko zai yi musu amfani.