Dokin Shiru-Shiru

Ajin 'yan firamare uku ne, darasin zane. Malam ya manna takarda ɗaya a jikin allo, ya ja da baya yana kallonta hannu a ƙugu. A layin gaba akwai Uwar Yabo, wadda ba ta taɓa ganin abin da bai yi kyau ba, da Gatari, wanda bai taɓa ganin abin da ya yi ba. Sarkin Baki yana tsakiya. Mai zanen kuwa, Shiru-Shiru, tana can lungu.

MALAM: Yara, yau ba zane za mu yi ba, magana za mu yi a kan zane. Kuma na hana kalma biyu a ajin nan: "ya yi kyau" da "bai yi kyau ba".

SARKIN BAKI: Malam, ai kalma bakwai ke nan.

MALAM: Zauna, ba darasin lissafi muke ba. Hanyar da za mu bi, masu binciken ilimi a Jami'ar Harvard ne suka tsara ta, mataki uku. Ka fara faɗin abin da idonka ya gani. Sannan abin da kake tsammani. Sannan tambayar da ta zo maka. Uwar Yabo, bismilla.

UWAR YABO: Malam, ya yi kyau.

MALAM: Me na hana yanzun nan?

UWAR YABO: To, ya haɗu.

MALAM: Me ya haɗu da me? Nuna mana da yatsa.

UWAR YABO: (ta daɗe tana dubawa) Takardar. Ba ta yamutse ba.

GATARI: Malam, ni na ga wani abu.

MALAM: Yawwa. Me ka gani?

GATARI: Asarar kala.

MALAM: Wannan hukunci ne, ba gani ba. Alƙali ma sai ya ji shaida yake yanke shari'a. Idonka nake tambaya, ba bakinka ba.

GATARI: To, na ga wani abu shuɗi mai ƙaton ciki. Na ga sanduna huɗu sun miƙe sama. Na ga kore a can bisa, da wani ƙwallo rawaya a ƙasa, gefen hagu.

MALAM: Madalla! Kun ji? Launi uku, siffa uku, har da inda kowanne yake. Ashe kana da ido.

Nan Shiru-Shiru ta ɗaga hannu, ɗan kaɗan, kamar mai tsoron kada hannun ya yi ƙara.

MALAM: Dakata, 'yata. Mai zane shi ne na ƙarshe a magana. Idan kika faɗa yanzu, kowa zai daina kallo. Sarkin Baki, me kake tsammani?

SARKIN BAKI: Tebur ne aka kifa, Malam. An yi faɗa a gidan.

MALAM: Me ka gani da ya sa ka ce an yi faɗa?

SARKIN BAKI: Ba kowa a hoton. Duk sun gudu.

UWAR YABO: A'a, jaki ne ya mutu. Amma mutuwar ta yi kyau.

MALAM: Me kika gani da ya sa kika ce jaki?

UWAR YABO: Ga wutsiya can.

MALAM: To, kin kawo hujja, na karɓa. Yanzu ku saurari yadda masani yake karanta zane. (ya gyara murya) Wannan shuɗin, kogi ne. Sandunan nan huɗu bishiyoyi ne a bakin ruwa, ga ganyensu kore ya haɗe a sama. Rawayan nan kuwa inuwar rana ce a cikin ruwa, tana shirin faɗuwa. Yarinyar nan tana ba mu labarin kaɗaici.

SARKIN BAKI: Malam, kogi yana da wutsiya?

MALAM: Rafi ne yake shiga cikinsa. To, Shiru-Shiru, lokacinki ya yi. Faɗa musu.

SHIRU-SHIRU: Malam...

MALAM: Ɗaga murya, kada ki ji kunya.

SHIRU-SHIRU: A kife ka manna shi.

Ajin ya yi tsit. Malam ya ɓamɓare takardar, ya juya ta. Bishiyoyi suka koma ƙafafu, ganye ya koma ciyawa, rana ta hau sama inda Allah ya ajiye ta. Doki ne, kowa ya gani, har Gatari.

SARKIN BAKI: Malam, ina kaɗaicin ya tafi?

MALAM: (yana share gumi) Kada wanda ya yi dariya. A 1961 wani babban gidan adana zane-zane a birnin Niyok ya rataye aikin Henri Matisse, Bafaranshen nan, a kife. Hoton jirgin ruwa ne da inuwarsa. Kwana 47 masana suna wucewa suna gyaɗa kai, sai wata mata cikin 'yan kallo ce ta gano.

SARKIN BAKI: Ashe kai ka fi su, Malam. Naka minti goma ne.

GATARI: Ni dai ina da tambaya. A ina aka taɓa ganin doki shuɗi?

MALAM: A Jamus. Franz Marc ya zana shuɗayen dawakai a 1911, har yau mutane suna zuwa kallonsu. A wurinsa kowane launi da ma'anarsa. Amma ba ni za ka tambaya ba, ga mai dokin nan. 'Yata, wane tunani ne mai zurfi ya kai ki ga shuɗi?

SHIRU-SHIRU: Gatari ne ya ƙwace mini ruwan ƙasa.

MALAM: Gatari!

GATARI: Aro na yi, Malam.

MALAM: To ga tararka: taurari biyu da fata ɗaya. Ka faɗi abu biyu da suka yi aiki a zanen, da abu ɗaya da zai ƙara masa. Kuma da zanen za ka yi magana, ba da mai zanen ba.

GATARI: (kamar ana cire masa haƙori) Wutsiyar ta tashi baya, layukanta duk sun bi gefe ɗaya. Shi ya sa yake kamar yana gudu. Ɗaya ke nan.

MALAM: Saura ɗaya.

GATARI: Ta bi ciyawar da layi-layi, ba ta shafe ta kawai ba. Fatana kuma, ƙafafun su lanƙwashe a gwiwa. Mai gudu ba ya miƙe ƙafa kamar tebur.

SHIRU-SHIRU: Zan sake wani. Idan an dawo mini da kalata.

UWAR YABO: Malam, ni ma na gano! Ranar ta fi kan dokin ƙanƙanta, shi ya sa take kamar tana nesa.

MALAM: Alhamdulillahi, yau kin ci albashina. Gatari, kawo naka mu gani.

Gatari ya miƙo takarda. Daga wannan gefe zuwa wancan, ruwan ƙasa ne zalla. Malam, wanda maciji ya riga ya sara, ya riƙe ta da yatsa biyu.

MALAM: Kafin in manna, ina ne saman?

GATARI: Duk inda ka juya, Malam.

MALAM: To, ba mu labarinsa.

GATARI: Dokin Shiru-Shiru ne.

MALAM: Ina dokin?

GATARI: Ai na gaya maka gudu yake yi. Wannan ƙurarsa ce.