Hankakin Van Gogh ba saƙon mutuwa suka kawo ba

Kusan duk wanda ya tashi yin bayani a kan zanen gonar alkama da hankaki na Vincent van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holland, da mutuwa yake farawa, wai a nan ne mutumin ya yi wa duniya bankwana. Wannan fassara ba ta kwanta mini ba, domin na lura labarin ƙarshen mai zanen ake ɗorawa a kan zanen tun kafin ido ya gama kallonsa.

Gaskiya ne ya zana shi a watan Yulin 1890 a ƙauyen Auvers-sur-Oise na Faransa, kuma ya rasu ranar 29 ga watan yana da shekara 37. Amma gidan adana zanensa da ke Amsterdam, inda wannan aiki yake, ya bayyana cewa ba shi ne zanensa na ƙarshe ba.

Ba na musun akwai damuwa a cikinsa. Sama ta yi shuɗi mai duhu har tana neman komawa baƙi, hadari ya sauko kamar zai danne gonar, hanyoyi uku sun rabu, ta tsakiya ta kutsa cikin alkama ta ɓace. Sai dai a dubi alkamar kanta: rawaya ce mai haske, ta nuna, an shafa fentin da kauri, kowane zanen buroshi a karkace kamar iska na kaɗa zangarniya. Wanda ya gama yanke ƙauna da wuya ya zuba wa gona irin wannan rai. A wasiƙar da ya aika wa ƙaninsa Theo a cikin watan, ya ce ya so ya nuna baƙin ciki da matsanancin kaɗaici a gonakin da ya zana ƙarƙashin hadari, amma a wasiƙar dai ya ce zanukan suna nuna lafiya da ƙarfin jikin da yake samu a karkara. Masu sharhi da yawa rabin farko suke ɗauka su bar na biyu.

Batun hankakin kuwa, wanda ya taɓa korar tsuntsu a gona ya san suna yawan taruwa inda hatsi ya ƙosa. Na daɗe ina duban fukafukansu, ɗan layi baƙi biyu-biyu kawai, har yau na kasa tantance ko tahowa suke yi ko tafiya.