Jero ayoyi a muhawara ba shi ne basira ba

Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022, sauran manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka biyo bayansa, gardamar addini ta ƙara lalacewa ta wata fuskar da ba a cika magana a kanta ba. A da, kafin mutum ya kawo aya ko hadisi a tsakiyar muhawara, sai in ya haddace, ko ya tashi ya buɗe littafi. Yanzu waya zai latsa ya ce a ba shi nassin da ke goyon bayan ra'ayinsa, kafin ƙiftawar ido an jero masa biyar, da Larabci da fassara da lamba. Ya kwafo ya liƙa, magoya baya su hau kabbara, a ce wane ya rufe bakin kowa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda aka yarda cewa yawan nassin da mutum ya zubo shi ne ma'aunin basirarsa, wanda kuma ya tsaya yana tambayar me ayar take nufi a wannan mas'alar sai a ce yana neman kauce wa gaskiya.

Akwai masu cewa duk wanda ya ambaci littafi mai tsarki a muhawara ya jingine ƙwaƙwalwarsa ne, waɗannan ba sa buƙatar dogon martani, tunda su ma da zancen wani masanin falsafa suke kafa hujja, galibi ba su karanta shafin da ya gabace shi ba. Rigimata da ɗaya ɓangaren ce, masu jero nassi.

Malaman farko ba su taɓa ɗaukar kawo nassi daidai da fahimtarsa ba. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya faɗa ƙarara cewa sau da yawa mutum kan ɗauki ilimi ya kai wa wanda ya fi shi fahimta, sau da yawa kuma mai ɗauke da fiƙihu ba faƙihi ba ne. An ruwaito cewa A'amash, babban malamin hadisi na Kufa, da ya ga yadda masana fiƙihu ke fitar da hukunci daga hadisan da shi kansa ya ruwaito musu, sai ya ce su ne likitoci, su masu ruwaya kuwa masu ajiye magani ne. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan hadisi ke nan. Na yau da ya samo nasa cikin daƙiƙa goma yana ganin ya wuce a yi masa tambaya.

Wanda yake son ganin inda wannan ɗabi'a ke kai mutane, ya koma shekara ta 657, bayan yaƙin Siffin. Da Sayyidina Ali ya amince a naɗa masu sulhu tsakaninsa da Mu'awiya, wasu daga cikin rundunarsa suka ɓalle suna cewa babu hukunci sai na Allah. Ba su ƙirƙiro maganar ba, asalinta yana cikin Alƙur'ani, a Suratul An'am da Suratu Yusuf, kuma mutane ne masu yawan karatu da ibada. Amsar Ali tana cikin Sahihu Muslim: kalmar gaskiya ce da ake nufin ɓata da ita. Da Ibn Abbas ya je wurinsu, shi ma ayoyi ya kai, amma dubi abin da ya yi da su. Ya tuna musu cewa a Suratun Nisa'i Allah ya ce a naɗa mai sulhu daga dangin miji da na mata idan aure ya rikice, a Suratul Ma'ida kuma ya bar wa adilai biyu hukuncin wanda ya yi farauta yana cikin harami. Sannan ya tambaye su: in an yarda mutane su yi hukunci a kan rikicin ma'aurata da dabbar farauta, jinin Musulmi bai fi cancanta ba? Da yawa suka dawo. Waɗanda suka kafe a kan takensu, daga cikinsu aka sami wanda ya kashe Ali a 661. Duka ɓangarorin sun kawo aya. Ɗaya ne kawai ya yi tunani a kanta, ya gwama ta da 'yan'uwanta, ya auna.

Kiristoci ma sun san wannan. A Matiyu sura ta 4, Shaiɗan da kansa ya janyo wa Yesu aya daga Zabura ta 91. A Amurka kuwa, limaman da ke kare bautar da baƙaƙen fata sun yi ta karanta Afisawa 6:5, mai cewa bayi su yi wa iyayengijinsu biyayya, masu yaƙi da bautar kuma suna buɗe littafin nan ɗaya. Shugaban Amurka na lokacin, Abraham Lincoln, ya faɗa a jawabinsa na 1865 cewa ɓangarorin biyu na yaƙin basasar ƙasar littafi ɗaya suke karantawa, Allah ɗaya suke roƙo. Sai a 1995 babbar ƙungiyar majami'un Baptis ta kudancin ƙasar ta nemi gafara a kan matsayinta na da.

Kalmar da ta fi tayar mini da hankali a irin wannan gardama ita ce: "Ai ba ni na faɗa ba, Allah ne ya faɗa." Malam, kai ka faɗa. Alƙur'ani yana da ayoyi 6,236 a ƙidayar da ta fi yaɗuwa, kai ka zaɓi wannan ka bar saura. Kai ka zaɓi fassarar da ta yi maka daɗi. Kai ka yanke cewa ta dace da mas'alar da ake magana a kai, ba ka duba dalilin saukarta ba, ba ka duba abin da ke gabanta da bayanta ba. Kowane ɗalibi ya san abin da zai faru in aka karanta "kada ku kusanci salla" aka yi shiru. Duk waɗannan zaɓuɓɓuka ra'ayinka ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya kasance da ra'ayi. Laifin shi ne ka ɓoye shi a bayan aya, don duk wanda ya ja da kai a ga kamar da Ubangiji yake ja. Wannan ragwanci ne, kuma wayon matsoraci ne, wanda ya san hujjarsa ba za ta iya tsayawa da ƙafarta ba.

Manhajar da ake tinƙaho da ita kuwa ba ta da mazhaba. Ka nemi nassin da ke goyon bayan abu ta ba ka, abokin gardamarka ya nemi na akasinsa shi ma ta ba shi. Ta kan ƙago madogarar da babu ita ma: a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in bogi da ChatGPT ya ƙirƙiro musu. Can akwai alƙalin da ya bincika. Wa ke bincika lambar hadisin da aka liƙa a tsakiyar zage-zage?

Ba na cewa a daina kawo nassi, mai imani ba zai yi magana a kan halal da haram ya bar littafinsa a gefe ba. Amma makarantu su ba usulul fiƙihu da tafsiri muhimmancin da suke bai wa hadda, masu sauraro kuma su rage saurin kabbara. Wanda ya jefo aya a ce masa ya yi bayaninta da bakinsa, ya faɗi wane malami ne ya fahimce ta haka, ya kuma kawo ayar da abokin gardamarsa zai iya riƙewa. Mafi yawan zakarun da ake ji da su a intanet ba za su wuce tambayar farko ba.