Tsuntsu ba shi da rumbu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Tun watan Nuwamba aka rage mana awannin aiki, kuma a nan Ingila in an rage maka awa, tukunyarka aka taɓa. Haya ba ta jira, kuɗin gas na ɗumama ɗaki ya hau da shigowar sanyi, ga na gida suna ganin wanda ke Turai ba ya rasawa. Har ta kai ina cikin sallah ina lissafi, in sallame ban san surar da na karanta ba. Astagfirullah.

A Disamba rana ba ta fitowa a Mancesta sai bayan ƙarfe 8, kafin 4 kuma an yi Magariba. Zaman ɗaki ya ishe ni, sai na riƙa zagaya wani ɗan tafki da ke lambun unguwarmu da zarar gari ya waye.

Wata safiya na tarar rabin tafkin ya daskare. Agwagi na tsaye a kan ƙanƙara ƙafa ba takalmi, ni kuwa safa biyu na sa amma yatsuna sun mutu. Ashe jijiyar da ke kai jini mai ɗumi ƙafar agwagwa tana manne da wadda ke dawo da mai sanyi, sai zafin ya koma jiki tun kafin ya kai tafin ƙafa, ƙanƙarar ba ta samun abin zuƙa sai kaɗan. Wa ya tsara mata wannan? A can gefe, inda ruwan bai kama ba, zalɓe ya ƙame kamar an dasa shi.

Amma wanda ya tsayar da ni wani ɗan mitsitsi ne a cikin reshen bishiya, mai layin ruwan ɗorawa a tsakar ka. Shi ne mafi ƙanƙantar tsuntsu a ƙasar nan, nauyinsa giram 5 zuwa 6, kwatankwacin kwabon fensa 20. Da kaka wasu daga cikinsu kan tsallako Tekun Arewa daga ƙasashen su Norwe. Daren hunturu a nan ya haura awa 16, kuma tsuntsu irin wannan yakan ƙone mafi yawan kitsen da ya tara a yini kafin asuba. Kullum da ciki wayam yake tashi. Na tsaya ina kallonsa yana bin ƙarƙashin ganye ɗaya bayan ɗaya yana tsintar ƙananan ƙwari, ko hutun kirki ba ya yi.

Nan hadisin Sayyadina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya faɗo mini. Manzon Allah (SAW) ya ce da muna dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro, da Ya azurta mu kamar yadda Yake azurta tsuntsaye, suna sammako da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe.

Tun muna Islamiyya muka haddace shi, kuma malamai sun sha nuna mana cewa tsuntsun fita ya yi, bai kwanta a sheƙa yana jira ba. Gaskiya ne. Duk wanda ya naɗe hannu ya ce tawakkali yake, kansa yake yaudara. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai ranar shi ne girman ƙoshin da aka ambata: na dare ɗaya ne. Gobe ya sake fita da yunwa. Ni kuwa me nake nema a wurin Allah? In na faɗi gaskiya, takardar tabbacin shekara nake so, da sa hannu. Yau na ci, yarana sun ci, ɗaki da ɗumi, amma kuɗin watan Maris ya hana ni jin daɗin sujadar Disamba.

Kada wani ya ce na hana tanadi. A lambun akwai kuregen bishiya masu launin toka, tun kaka suke binne 'ya'yan itace, yanzu suna tonowa. Kuma ya tabbata a Buhari cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Ka yi ajiya, ka shiga adashi, ka nemi aiki na biyu in da hali. Sai dai kuregen ma ba duka yake tonowa ba, wani ya zama rabon wani tsuntsu, wani ya tsiro bishiya. Laifin yana farawa ne ranar da zuciya ta koma kwana a cikin asusu.

Ku buɗe Suratul Ankabut. A aya ta 56 Allah Yana gaya wa bayinSa muminai cewa ƙasarSa mai faɗi ce, Shi kaɗai za su bauta wa. A ta 60 kuma Ya ce dabbobi nawa ne ba sa ɗauke da arzikinsu, Allah ne ke azurta su da mu. Mu da muka bar gida, ya kamata ayoyin nan su zama abin karantawarmu. Su ma tsuntsayen 'yan ci-rani ne: a lokacin hunturu akwai agwagin Turai da suka tsallake Sahara suna kiwo a fadamar Haɗeja da Nguru, ba guzuri, ba jaka.

Kafin in juya gida na sake duban zalɓen. Ya fi minti 20 a wurin bai kama komai ba. Na ga ya kai sara sau ɗaya ya fito da baki wayam, ya girgiza kai, ya matsa taku biyu ya sake ƙamewa. A haka na baro shi, don da ƙarfe 10 nake shiga aiki.