Nasiha ga matasa masu noman gyaɗa da riɗi

Assalamu alaikum, ƙannena manoma. Na lura da yawa daga cikinku kun mayar da takin gida aikin tsofaffi, kuna jiran buhun takin zamani ya yi muku komai, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai. Duk wanda ya yi noma a ƙasar Gumel ko Maigatari ko Ɓaɓura ya san gonakinmu rairayi ne, ruwa yana sauka ya zurare nan da nan, idan kuwa sama ta ɗauke mako biyu ko uku a tsakiyar damina, shuka ce take shan wahalar.

Gyaɗa ta fi jin fari a lokacin da ta yi fure ta fara sa ƙafa cikin ƙasa, domin idan ƙasar ta bushe ta ɗauki zafi ba ta ƙulla 'ya'ya yadda ya kamata, sai ranar cira a tarar da kwanso babu ƙwaya. Farin ƙarshen damina kuma yana buɗe ƙofa ga funfunar nan mai gubar afalatoksin, wadda take cutar da mai ci, take kuma sa manyan masu saye su ƙi kaya. Riɗi ya fi juriya saboda saiwarsa tana nitsewa, amma shi ma idan ƙishi ya kama shi yana fure, furen zubewa yake yi.

Ruɓaɓɓen taki yana riƙe danshi a gindin shuka kamar soso, abin da yuriya ba za ta taɓa yi ba. Wanda ya watsa yuriya a busasshiyar ƙasa, ko dai ta ƙona masa shuka ko ta bi iska, alhali gyaɗa tana samar wa kanta sinadarin naitirojin da ke cikin yuriya ta ƙulle-ƙullen saiwarta. Takin sufa, mai sinadarin fosfaras, shi ta fi buƙata.

Saboda haka ku haƙa rami a inuwa tun da rani, ku riƙa jera kashin awaki da na shanu da sharar gida da toka da ɓawon gyaɗa, kuna yayyafa ruwa, kuna juyawa duk bayan mako biyu, har ya yi baƙi ya daina zafi, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa uku. Ku tsince leda da tsohon batir. Kada ku zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, yana ƙonawa, ɗanyen kashin shanu kuma yana zuwa da irin ciyawa. Idan takin bai isa gona duka ba, ku bi kunya da shi ku rufe da huɗa, kada ku bar shi tsibi-tsibi rana tana cinye amfaninsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin saurayi ya sayar wa mai mota takin garken gidansu, sannan ya cinna wa ragowar kara wuta wajen sharar gona. Iyayenmu hatsi suke ba Fulani domin shanu su kwana a gonarsu bayan girbi, kuma su ne suka ga farin 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975, masifun da suka taimaka wajen rushe dalar gyaɗa a Kano.

Ku haɗa takin da iri mai saurin nuna, kamar SAMNUT 24 na cibiyar bincike ta Samaru, wanda yake isa cira cikin kusan wata uku. Ku tuntuɓi malaman gona na JARDA ko KNARDA, wato hukumomin raya aikin gona na jihohin Jigawa da Kano, tun kafin ruwan shuka ya sauka.