Biyan kuɗin fansa ba ya dawo da asibiti bakin aiki washegari

Duk lokacin da masu kutse suka kulle kwamfutocin wani asibiti, sai ka ji ana cewa a biya su kawai, a karɓi mabuɗin, gobe aiki ya ci gaba. Masu wannan magana tausayin marasa lafiya ne ke sa su faɗa, kuma ba laifi ba ne. Sai dai lamarin ba haka yake tafiya ba.

A watan Mayun 2021 aka kai wa hukumar lafiya ta ƙasar Ireland hari da Conti, wata manhaja mai kulle bayanan kwamfuta don neman kuɗin fansa. Gwamnati ta ƙi biya, amma cikin mako guda maharan suka miƙa mabuɗin kyauta. Duk da haka sai da aka kwashe wajen wata huɗu kafin komai ya daidaita.

Shi mabuɗin, buɗe bayanai kaɗai yake yi, kuma a hankali. Dole a bi dubban kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya a tabbatar ɓarayin ba su bar wata ƙofa ba. Kafin nan likita ba ya ganin tarihin majiyyaci, sakamakon gwajin jini da hannu ake rubuta shi a kai ɗaki, an ɗage wa wasu masu ciwon daji zuwa gashi, wato maganin da ake musu da hasken na'ura. Bayan an gyara kuma, sai an zauna an shigar da tarin takardun nan cikin na'ura.

Shi ya sa asibitin da ya shirya ke ajiye fom na takarda, da kwafin bayanai da ba a haɗa da intanet ba, yana kuma gwada ma'aikata kan aiki ba kwamfuta na tsawon makonni.