Yafiyar bakin titi: an biya kuɗin madubi, an bar Inna da hannunta

Ranar Talatar da ta wuce, bayan La'asar, mashin biyu suka gogi juna a Gawon Nama, cikin garin Sakkwato. Ɗaya ɗan kabu-kabu ne ɗauke da Inna, wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai sayar da fura, ɗayan kuwa wani matashi ne da ya fito daga lungu a guje bai duba ba. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya suma, irin hatsarin nan ne da ko rediyo ba ta ɗauka. Ina bayansu a kan nawa mashin, kafin in samu wurin jingine shi jama'a sun cika titi.

Abin da na gani shi ya hana ni barci. An tada mashin ɗin biyu, an duba fitila, an duba madubi, an murza kan mashin a ga ko ya karkace. Nan take aka kafa kotu. Ɗan kabu-kabu ya ce dubu shida, masu sulhu suka ce ya rage don Allah, aka tsaya a dubu huɗu, yaro ya ƙirga ya miƙa. Duk wannan ciniki ana yin sa Inna tana zaune a bakin kwalbati, ta riƙe wuyan hannunta na dama, salansa ta ƙone mata sha-raɓa har fata ta saɓule. Wani ya ruga wurin bakanike ya kawo man birki zai shafa mata. Sai da aka gama da ƙarfe sannan aka waiwayo mutum.

"Inna, yi hanƙuri, wanga abu ƙaddara ta. Ki yahe mishi don Allah."

Ta ɗaga kai ta dubi maza kusan talatin sun zagaye ta, ta ce, "Na yahe, duniya da lahira."

Na ce a karɓi lambar wayar yaron, a kai ta a duba hannun. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, an ƙare magana, kak ka tashe ta." Kowa ya watse yana jin ya samu lada. Bayan kwana huɗu hannun ya kumbura kamar gammo, hoton ƙashi ya nuna tsagewa. Ɗanta ne ya biya kuɗin hoto da na magani da na ɗauri. Yaron da ya jawo abin, babu wanda ya san ko daga Mabera yake ko daga Arkilla.

Wannan sulhu na minti goma da muke alfahari da shi a Sakkwato zalunci ne da aka yi wa rawani. Ana neman yafiya daga mutum a daidai lokacin da bai san abin da ya same shi ba. Duk wanda ya taɓa faɗuwa daga mashin ya san jiki yana da zafi a farko, tsoro da firgici suna danne ciwo, sai dare ya yi ko gari ya waye gaɓoɓi su fara magana. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu yakan tsage ƙaramin ƙashin wuyan hannu ya ɗauka targaɗe ne. Ƙashin wuya da ke saman ƙirji ma haka yake karyewa a irin wannan faɗuwa. Mafi muni shi ne kai: mutum zai bugi kwalta ya tashi ya kakkaɓe riga yana gaisawa da jama'a, alhali jini yana taruwa a hankali cikin ƙoƙon kansa, sai bayan sa'o'i amai ya zo, ciwon kai ya tsananta, barci mai nauyi ya kama shi. A garin da hular kwano ta zama abin kallo, duk da cewa tun Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ce dole a sa ta, da wane ilimi mai shayi da mai faci suke yanke hukuncin cewa "ba komi"?

Sannan a zo ga maganin bakin titi. Man birki, baƙin mai, man goge haƙora, ƙasa, duk na ga an zuba a kan rauni. Ƙunar salansa ruwa mai tsabta take so a yi ta kwarara mata na tsawon lokaci, ƙujewa kuma a wanke ta da ruwa da sabulu a fitar da tsakuwa, a tambayi maganar allurar tetanus, domin ƙwayar cutar tana zaune ne cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma titunanmu ba su rasa ko ɗaya. Ban raina masu ɗori ba, gadon gidaje ne. Amma ɗaurin da aka matse a kan hannu mai kumburi yana tsayar da jini, kuma likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kukan yawan gaɓoɓin da ake kawo musu bayan sun riga sun ruɓe.

Za a ce mini ai mu Musulmi ne, yafiya ta fi. To, a garin Shehu da Bello ba a yi wa mutane wannan burga. Risala, littafin fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan malamanmu, ta faɗa ƙarara cewa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta suna lamunin abin da ta taka, ta kuma ce ba a ƙiyasta diyyar rauni sai bayan ya warke. Malaman da suka rayu shekara dubu da suka wuce sun gane cewa rauni ba ya nuna girmansa ranar farko, mu da muke da na'urar hoton ƙashi a cikin gari mun kasa gane haka. Yafiya haƙƙin wanda aka ji wa ciwo ne, shi zai bayar in ya so, bayan ya san abin da yake yafewa. Abin da aka karɓa daga tsohuwa a gaban taro, kunya ce aka tatsa daga bakinta. Kuma ku lura da wanda ake matsa wa: mace, tsoho, almajiri, ɗan ƙauye da ya shigo cin kasuwa. Ban taɓa ganin an ce wa mai babbar mota ya yafe fitilarsa don Allah ya kuma yafe ba.

Wasu kuma za su ce ɗan mashin talaka ne, mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, ga balas yana jiran sa da dare. Gaskiya ne, sai dai mai fura ba ta fi shi ƙarfi ba, kuma da hannun nan take dama abin da take ci. Masu cewa asibiti ba za ta karɓi mai rauni ba sai da takardar 'yan sanda, su je su karanta sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta hana a ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne inshora. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa masu ababen hawa su nuna takardar inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, kuma farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta yanke wa babur daga Janairun 2023 naira 3,000 ne a shekara. An ƙirƙiri wannan takarda ne domin irin Inna. Amma a wurinmu ta zama laya ta wuce shingen 'yan sanda, a naɗe ta a leda a cusa ƙarƙashin kujera. A cikin mutum talatin da suka taru ranar, ko ɗaya bai ambace ta ba. Hukumomin da suka iya tare hanya don duba takarda ba su taɓa zama da 'yan kabu-kabu sun koya musu yadda ake neman biya da ita ba, su kamfanonin kuwa shirun ya yi musu daɗi.

Ni ban ce a daina sulhu ba, ban kuma ce kowace gogayya a kai ta caji ofis ba. Cewa nake a fara da mutum kafin ƙarfe. A karɓi lambar waya da lambar mashin, a kai mai rauni a duba shi da kuɗin wanda ya jawo, maganar yafiya kuma a jinkirta ta kwana uku, a yi ta a gida gaban iyalansa. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da ke yankar tikiti kullum a bakin kasuwa da tashoshi su ware wani abu domin irin wannan rana. Limamanmu kuma su ɗauki Juma'a ɗaya su karanta wa jama'a babin lamuni kamar yadda suke karanta babin haƙuri.

Jiya na leƙa gidan Inna. Hannun yana rataye a wuya da tsumma, an ce sai ya yi mako shida a ɗaure, ƙunar kuma ta fara ruwa saboda man da aka shafa mata. Ƙwaryar furarta tana kife a bakin ɗaki, jikarta 'yar aji biyar ta bar makaranta tana koyon dama.